Gamanar Inna a Taswirar Salula

Ni ungozoma ce ta likita, wato asibiti, kuma aiki ne ya jefa ni Arlit, can arewa, inda in ka fita bayan gari ba ka ganin ko karan gero ɗaya a tsaye. Aurena ya mutu tun kafin in zo, Allah bai ba ni haihuwa ba, ga shi kuma hannuna ne ke karɓar 'ya'yan mutane safe da yamma. Ɗaki ɗaya nake haya da ɗan tsakar gida. In na tashi daga aiki na dafa abin da zan ci, ba ni da wanda zai ce mini gishiri ya yi yawa. Ranakun aiki da sauƙi, gajiya na rufe komai. Lahadi ce ba ta da mutunci. Sai in yi wanki, in share inda na riga na share, in duba rana in ga ko azahar ba ta yi ba.

Wata abokiyar aikina, 'yar Damagaram, ita ta nuna mini taswirar cikin salula, wato wayar hannu. Mijinta na gini a garinsu, take nuna mana filin. Ta taɓa wani ɗan wuri a gefe, sai zanen hanyoyi ya koma hoto, gidaje da itatuwa duk ga su, kamar mutum ya hau sama ya leƙo. Na taɓe baki na ce ni me zan yi da wannan, ni da na san hanyar gidanmu ido rufe? Ta yi dariya ta ce, "Madam, ki dai bari Lahadi ta zo." Ashe ta san ni fiye da yadda nake zato.

Lahadi ta zo, na shimfiɗa tabarma bayan la'asar, na rubuta sunan ƙauyenmu. Abin ya ce bai san shi ba. Tabɗi! Garin da aka binne cibiyata, mai masallacin Juma'a da rijiyar siminti, wai bai san shi ba. Na sake rubutawa yadda mushe, malaminmu, ya koya mana a lakol, wato makarantar boko, nan ma shiru. Sai na rubuta Gangara, nan take ya kai ni. Na taɓa sunan, ya buɗe mini bayani: ga ƙaramar hukumar, ga nisanta da Gazawa, ga lokacin da mota za ta ci a hanya. Wannan lokacin da ya faɗa sai da ya ba ni dariya ni kaɗai a tsakar gida, don a fili yake bai taɓa tura mota cikin rairayin hanyar nan ba. Na taɓa kasuwa, na ga wani bawan Allah ya sa hoton wurin masu awaki. Na taɓa lakol, ya ba ni sunanta. Duk abin da ke da 'yar alama a kansa sai da na taɓa shi, kamar wadda ke bi gida gida tana gaisuwa.

Daga nan na bi hanyar amalanke da yatsa. Na wuce tafki, na tsallake burtali, wato faffaɗar hanyar nan da Fulani ke bi da shanu tsakanin gonaki, sai ga garinmu. Ba suna a kansa, ba alama. Na danna na riƙe, ya ba ni waɗansu lambobi kawai, ya ce babu wani bayani game da wannan wuri. Na ce to ka riƙe bayaninka, ni na sani. Ga kwanon masallaci na sheƙi. Ga rijiya, hanyoyin ƙafa sun taru a kanta. Ga rumbuna a bayan gidaje, kowanne kamar an kife faifai. Ga gidanmu, ga ɗakin Inna a gefen gabas. Wallahi sai da na ajiye salular na sha ruwa.

Amma abin da ya riƙe ni ba gidan ba ne, gamanar Inna ce. A wajenmu in mutum ya yi aure, yakan yanka wa matarsa wani yanki daga gandun gida, shi ake kira gamana, waɗansu su ce gayauna. Abin da ta noma a ciki nata ne, ba mai tambayarta. Kuma ko mijin ya rasu, muddin tsohuwa na iya riƙe hauya, ba ɗan kirkin da zai taɓa mata gamana. Baba ne ya yanka wa Inna tata a kusurwar gandu, daf da burtali, tun ba a haifi yayana ba. Ita ta dasa gamba da hannunta ta zagaye iyakar, in damina ta faɗi kuma ta bi layin gambar da yakuwa. Duk rani tana kai toka da kashin awaki, shi ya sa ƙasar wurin ta fi ta gandu duhu. Garmar shanu kuwa ba ta taɓa shiga ba. Yaya ya sha cewa ta bari ya huɗe mata, ta ce shanu ba su san inda ta sa gyaɗa ba.

To ga ta nan daga sama, yadda na san ta. Wani ɗan yanki mai duhu, layin gamba ya zagaye shi, ga aduwa a kusurwa. A ƙarƙashin aduwar akwai wani farin ɗigo. Na buɗa hoton da yatsu biyu har ya dagule, ban gane ko mene ne ba, sai kawai na yanke cewa Inna ce ta zauna shan iska. Wa zai hana ni?

Daga ranar na samu wurin zuwa. Kowace Lahadi bayan la'asar sai in tafi gida. Ba na tsallakewa kai tsaye, sai na faro daga Gazawa, in bi ta Gangara, in leƙa kasuwa, in bi hanyar amalanke, don mutum ba ya faɗowa gidansu daga sama. In na isa aduwa sai in ce, "Sannu da aiki, Inna," da ƙarfi, a tsakar gidan da ba kowa. Na san yadda abin yake a ido. Da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, da ta ce ungozomar nan ta fara taɓuwa. Amma ni na san abin da nake ji, kewa ce ke cina, kuma wannan ɗin na rage ta.

In na gama sai in kira salular Yaya, shi kuma ya miƙa wa Inna, don ita ba ta da tata. Ni ce auta, da haka take kirana.

"Auta, kina lafiya? Kina cin abinci?"

"Ina ci, Inna. Ya gamana?"

Nan za ta buɗe. Wake ya yi bana, gyaɗa ce tsutsa ta ɗan taɓa, shanun Fulani sun so su shiga ta burtali amma mai su yaron kirki ne, ya zo har gida ya ba da haƙuri. Bayan kaka kuma sai buhu ya iso mini a motar haya: wake, ɓararriyar gyaɗa, busasshiyar yakuwa, da daddawar batso a ƙulle cikin leda. Ta ce duk daga gamanarta. Ranar da buhun ya zo nakan zauna in sa hannu cikin waken in yi ta juyawa kafin in dafa ko ƙwaya ɗaya.

Da can in za ta yi magana da ni sai ta hau tudun bayan gida, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi. Ina jin hakinta, ina jin kukan jakai. Daga baya muryar ta fara yankewa, tana zuwa kamar daga cikin tulu. Na yi ƙorafi, Yaya ya ce rezon garin ne ya lalace. Na yarda, don ba abin mamaki ba ne. Duk lokacin da na yi zancen ɗaukar konje, wato hutu, in zo, Inna sai ta ce hanya ba kyau, in bari zafi ya wuce. In zafi ya wuce ta ce in bari a yi girbi. Mu ma a wurin aiki hannu bai isa ba, majo, shugabanmu, na murna in na fasa. A haka lokaci ya yi ta tafiya ban je ba.

Wata Lahadi na buɗe taswira na tarar an canja hoton. Launin ƙasar ya bambanta, maƙwabcinmu ya yi sabon kwano, an ƙara ɗaki a lakol. Na yi murna sosai, na ce yau zan ga gida sabo. Na bi hanyata yadda na saba, na tsallake burtali, na tsaya.

Babu gamba. Layukan garma sun taso tun daga tsakiyar gandu, sun miƙe sun ratsa ta kan gamanar har bakin burtali. Aduwa na nan. Duhun ƙasar ma ana ɗan ganinsa a ƙarƙashin huɗar, amma iyaka babu ita. Na ce salular ce ta rikice. Na kashe na kunna, na fita na sake shiga, na faro daga Gazawa kamar hakan zai gyara wani abu. Abin da na gani ɗazu shi na sake gani.

Washegari na ja 'yar Damagaram gefe na nuna mata. Ta ce bari mu ga yaushe aka ɗauki hoton. Ni sam ban san ana sanin haka ba, na ɗauka abin da nake gani shi ne yau. Ta nuna mini ɗan rubutu ƙarami a ƙasa, da wata alama mai kamar agogo da ake ja baya a ga tsofaffin hotuna. Ashe hoton da nake gaisarwa duk Lahadi ya girmi zuwana Arlit. Sabon kuma ba sabo ba ne, tun farkon daminar bara waccan aka ɗauke shi. Na tsaya ina lissafi a tsaye. An yi girbi biyu ke nan ba gamana. Buhu biyu sun iso mini a tsakanin nan, kowanne da saƙon cewa daga gamanar Inna yake.

Ban yi dogon tunani ba, na ce Yaya ne ya ƙwace. Kowa ya san yadda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan a wajenmu, ga shi da 'ya'ya cike da gida, kuma ba yau na fara jin ɗa ya haɗe gamanar uwarsa da dabara ba. Inna kuwa na san ta, ko yankan naman jikinta ɗanta yake ba za ta faɗa ba, sai ta rufa masa asiri ta yi ta ba ni labarin waken da ba ta shuka ba. Raina ya ɓaci har na kasa cin abincin rana. Ina tashi daga aiki na kira shi.

"Yaya, wa ya cire gambar Inna?"

Can ya ce, "Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini, da idona na gani."

"Daga Arlit?"

"E, daga Arlit. Na ce wa ya cire?"

"Ni na cire."

Haba! Ko musu bai yi ba. Na ce duk faɗin gandun nan ka rasa inda za ka sa garmarka sai gonar tsohuwa? Baba ya yanka mata tun kana ina? In hatsi ne bai ishe ka ba, ka faɗa mana, ai ba mutuwa na yi ba. Na faɗi wannan, na faɗi waɗanda suka fi wannan. Yayana mutum ne mai zuciya, ko muna yara ba ya barin ta kwana, amma ranar duk abin da na jefa masa sai ya ce, "To, Auta, na ji." Na ce ya ba ni Inna. Ya ce ta ɗan kwanta. Inna, kwance, tun rana ba ta faɗi ba? Na ce to ka gaishe ta, na kashe.

Ban gaya wa kowa zan zo ba. Na shiga buron majo, wato ofishinsa, na ce konje nake so, kuma ba shawara na zo nema ba. Ya dubi fuskata ya sa hannu. Na hau mota ta Agadas, na biyo ta Damagaram, duk tsawon hanyar nan ina shirya abin da zan faɗa a gaban dattawan gari, don na ƙudura sai an mayar da gambar nan ko da ni zan dasa ta. Na sauka Gazawa, na samu motar kasuwa zuwa Gangara, daga nan na ɗauki kabu-kabu. Na ce masa ya bi da ni ta gona tukuna. Bazara ce, ba komai sai kututturan karan gero. Na sauka na taka wurin da ƙafata. Saiwoyin gamba na nan jefi jefi inda garma ta tumɓuke su. Na tsaya ƙarƙashin aduwa ina huci, mai kabu-kabu na jirana.

Da na yi sallama a gida, matar Yaya ce a tsakar gida tana daka. Ta saki taɓarya. Na ɗauka za ta yi guɗa ta rungume ni yadda ta saba, sai na ga ta juya tana kallon ɗakin Inna. Yaya ya fito daga zaure yana gyara hula, ya rame, ya yi furfurar da ban san shi da ita ba. Ban tsaya gaisuwa ba, na ce ina Inna? Na ɗaga labule na shiga.

Warin da ya tare ni na san shi, warin ɗakin mai doguwar jinya ne, ko an share ko an yi turare ba ya ɓuya ga mai irin aikina. Inna na kan katifa a ƙasa, an jawo ta kusa da ƙofa don haske, an tokare mata baya da matashi. Faifai na kan cinyarta tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗago ta dube ni, ba ta yunƙura ba.

"Auta? Ke da wa? Lafiya dai ko?"

Na durƙusa na ɗauke faifan, na yaye zanin. Ƙafafun sun tsotse. Ta hagu ta fi ta dama gajarta, tafin ya kwanta ya kalli waje. Na sa hannu a kwatangwalonta na taɓa, ta ɗan cije leɓe. Ba sai an yi hoto ba, na san ƙashin ya karye tuntuni, kuma ya warke a karkace.

Yaya ne ya yi bayani daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ƙarshen ranin bara waccan ne, tana kai taki gamana a amalanke, jaki ya firgita ta faɗo. Suka kira maɗori ya ɗaure, aka yi ta jira, ba ta tashi ba. Da ruwa ya sauka ita da bakinta ta ce ya cire gambar ya haɗe da gandu, kada ƙasa ta kwana banza. Waken da ake aiko mini daga wurin ake cire shi, ita ke tsince shi a nan kwance, ita ke ɓare gyaɗar, ita ke ƙulla daddawar. Kuma ta sa shi ya rantse ba zai gaya mini ba.

Nan fa na fashe. Na ce ni fa aikina ke nan! Maradi na nan kusa, da kun kira ni ranar, da na sa an kai ta babbar likita an gyara ƙashin, da yanzu tana takawa ko da sanda. Kuna da ɗiya a likita ku kai uwata wurin maɗori? Na bar ku kuna ce mini rezo ya lalace, ashe tudun ne ba ta iya hawa! Ina faɗa matar Yaya na kuka a waje, shi kuwa bai ɗago ba.

Inna ta ce, "Ki bar shi haka nan. Ya sha zaginki a salula bai tanka ba, ina jinsa. Ni na hana."

"Don me, Inna? Me na yi miki?"

Ta jawo zanin ta rufe ƙafafunta a hankali, ta gyara bakinsa, sannan ta dube ni.

"Mu nan muna da yawa, Auta. Da na faɗi, kafin in yi ihu na biyu mutane sun cika kaina. Akwai mai juya ni, akwai mai yi mini wanka, jikoki ba sa barina in yi barcin rana. Ke fa? In aka gaya miki a salula, kika ajiye salular, ki juya ki ga wa? Na kwanta nan na yi ta dubawa, na rasa mutum ɗaya a garin can da zai riƙe ki. Shi ya sa na ce a bari."

Ban taɓa gaya mata yadda nake zaune ba, ko sau ɗaya. Amma abin da ta faɗa gaskiya ne, ba ni da kowa a can. Na zauna daɓas a ƙasa na kifa kaina a gefen katifar na yi kuka, irin wanda rabona da shi tun ina yarinya. Ta ɗora hannunta a kaina, ba ta ce in yi shiru ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ɗaga murya ta ce wa matar Yaya a kawo wa baƙuwa ruwa.